Rogo ba ɗan asalin Afirka ba ne

Mutane da dama sun ɗauka rogo namu ne tun fil azal, ganin yadda Najeriya ta fi kowace ƙasa nomansa. Baƙo ne. Daga yankin Amazon na Brazil ya fito, 'yan Portugal suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16.

A can Brazil ɗin ma ba a yar da komai nasa. A birnin Belém na jihar Pará, ruwan da ake tatsa daga rogo mai ɗaci, wanda masu yin garin kwaki ke zubarwa, shi suke tafasawa har dafin ya fita, ya zama romo ruwan ɗorawa mai tsami, tucupi. Akan zuba masa busasshen jatan lande da ganyen jambu, wani tsiro mai ɗan kashe baki, a sha da zafinsa a ƙoƙo, leɓe na ɗan yin zuu. Ganyen rogon kuwa niƙa shi suke, ya kwana bakwai a wuta kafin a ci, aikin mai haƙuri ke nan. Garinsa da suke soyawa da mai, farofa, ka ce kwaki ne, barbaɗa shi suke a kan shinkafa da wake.