Dokar Amurka ba ta hana sayen ma'adinan Kwango ba

Mutane da yawa na ɗauka cewa tun 2010 Amurka ta haramta wa kamfanoni sayen ma'adinai daga gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Ba haka abin yake ba. Sashe na 1502 na Dodd-Frank, dokar harkokin kuɗi da Amurka ta kafa a 2010, bai hana kowa saye ba. Abin da ya wajabta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jarin Amurka shi ne su binciki inda kuza, tantalam, tangistin da zinaren da ke cikin kayansu suka fito, su miƙa rahoto duk shekara. Rahotannin farko sun shigo a 2014.

Rahoton ma ba rantsuwa ba ce cewa kayan tsarkakakku ne, wato kuɗinsu bai shiga hannun ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai ba. Kamfani zai iya rubuta cewa ya yi bincike amma bai gano asalin ma'adinin ba, kuma bai karya doka ba. Mai ƙera wayar salula bai san ramin da aka haƙo ba; iyakarsa masana'antar narkarwa, inda ake binciken takardu. Can a bakin rami kuwa, buhun koltan, ma'adinin da ake fitar da tantalam daga cikinsa, ake ɗaure wa alama mai lamba, a rubuta nauyinsa a littafi. Alamar nan, in ta faɗa hannun ɗan sumoga, kowane buhu take hawa.

Ruɗanin yana da tushe. A Satumbar 2010 shugaban Kwango na lokacin, Joseph Kabila, ya dakatar da haƙar ma'adinai a lardunan Kibu biyu da Maniyema na gabashin ƙasar har zuwa Maris 2011, masu saye da dama kuma suka janye don gudun zargi. Masu haƙa da shebur ne suka ji jiki. Kobalt, ma'adinin batirin mota mai aiki da lantarki da ake haƙowa a Kwango, ba ya ma cikin dokar.