Haɗin gwiwa da jami'ar waje ba tikitin jirgi ba ne

Da zarar an ji cewa wata makarantar horar da malamai a Sakkwato, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ce ko ta Shehu Shagari, ta sa hannu a yarjejeniya da jami'ar ƙasar waje, sai ka ga ɗalibai sun fara tambayar kuɗin fasfo. A zatonsu za a kwashe su zuwa Ingila.

Ba safai ake yin haka ba. Yawancin aikin a nan gida yake ƙarewa. Dubi shirin TESSA na horar da malamai a Afirka kudu da Sahara, wanda Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta jagoranta tun 2005, tare da cibiyoyin Afirka, ciki har da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Darussa aka rubuta, da hannun malaman Afirka, aka zuba su kyauta a intanet. Suna nuna wa malamin firamare yadda zai raba aji mai cunkoso rukuni-rukuni, ko ya koyar da lissafi da tsakuwa da marafan kwalba maimakon ya cika allo yara su yi ta kwafa. Mai koyarwa a Wamakko ko Bodinga zai iya sauke su a wayarsa, in dai akwai data.

Masu fargabar za a kawo mana manhajar Turawa su ma su kwantar da hankali: hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, ce ke tsara karatun NCE, hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, kuma na digiri.

Tafiya waje takan samu, amma ga malamai ƙalilan masu bincike, kuma sai in akwai kuɗi a bayan yarjejeniyar. Yarjejeniyoyi da yawa, gaskiya, a cikin durowa suke kwana.