Manhajar da ba ta iya cewa "na kasa" maƙaryaciya ce

To, masu cewa na cika mita a kan utils.py, fayil ɗin kod na manhajar cinikin da muka rubuta da yaren Python, ai ga shi kun gani. Jiya bayan Magariba Alhajin nan mai kemis a Sabon Gari ya kira ni, murya har rawa take yi. Cinikin kwana uku babu shi a kwamfuta. Alhali duk sanda yaron shago ya danna, manhajarmu sai ta fito da koren rubutu: "An adana." Me aka adana? Iska.

Na hau Keke Napep tun daga Samaru. Ashe wuri ne ya cika a kwamfutar, SQLite, wato rumbun bayanan da manhajar ke adana ciniki a ciki, ta ƙi rubutawa, kuma ta faɗi dalilinta ƙarara. Amma wani gwani a cikinmu ya naɗe kod ɗin adanawa da umarnin try, ya ɗora except: pass a ƙasa. Ma'ana, in matsala ta zo, ja bakinka ka wuce. Manhaja ta haɗiye kuskure, ta yi wa Alhaji murmushi. Sannu da ƙoƙari, injiniya.

Wannan ƙarya ce, ba ta da wani suna. Yaron da ka aika banki ya tarar an rufe, ya dawo ya ce maka ya zuba kuɗin, me za ka kira shi?

Wata biyu ina roƙo a bar ni in rarraba utils.py ɗin nan. Layi sama da 2,000. Lissafin naira yana ciki, juya kwanan wata yana ciki, buga rasit yana ciki, buɗe rumbun bayanai ma yana ciki. Kamar ɗakin tarkacen gidan gado, duk wanda ya rasa inda zai aje abu sai ya wurga can. A irin wannan cunkoso ne except: pass guda 14 suka samu maɓoya. Na ƙirga su da daren jiya. Kuma wanda aka bari tsirara haka, ba a ambaci irin kuskuren da ake jira ba, har Ctrl+C, maɓallan da ake dannawa don tsayar da manhaja, yake kamawa.

Sai a ce min wai "tunda yana aiki kada a taɓa." Yana aiki a ina? Rokar Ariane 5 ta Turai, ranar 4 ga Yuni 1996, ko minti ɗaya ba ta yi a sama ba ta tarwatse. Kod ɗin daga Ariane 4 aka kwaso shi, can ma ai "yana aiki". Lamba mai bit 64 aka so cusawa a gurbin bit 16, ta ƙi shiga. Balle mu da kwamfutar kemis da NEPA ke kashewa yadda ta ga dama.

Wani kuma wai jan rubutun sanar da kuskure zai tsorata mai shago. Allah sarki. Ka je ka kalli fuskar Alhaji jiya, sai ka gaya min wanne ya fi tsoratarwa.

Ni fa ba faɗa nake nema ba, wallahi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da nake so kaɗan ne: kayan kuɗi su koma fayil ɗinsu, na firinta nasu, na rumbun bayanai nasu. Ƙaramin aiki in ya kasa, kada ya yanke hukunci shi kaɗai, ya miƙa kuskuren sama, ga babban sashen manhajar. Can sama wuri ɗaya tak zai karɓa, ya rubuta cikakken bayani a fayil da logging, kayan aikin aje tarihin abin da ya faru, wanda Python ta zo da shi kyauta, sannan ya gaya wa yaron shago da Hausar da zai gane: "Ba a adana ba, wuri ya cika, kira mai gyara." Mutanen nan da amana suka ba mu lissafin dukiyarsu. Ni kunya ce ta hana ni barci.

Abin da ya cece mu, tsohon littafin nan mai baƙin bango da Alhaji ya ƙi yarwa, wanda muka riƙa yi masa dariya a kai. Daga ciki muka kwafe cinikin har ƙarfe goma sha ɗaya.

Af, kun san me ya cika kwamfutar? Finafinan Indiya na yaron shago, jere a folda mai suna "Lissafi".