Kilomita 20 Tsakanin Tanti da Abinci

Assalamu alaikum, ƙannena matasa.

Akwai wata ɗabi'a da nake yawan gani a cikinku, ita ce ta hana ni yin shiru. Yaro zai faɗa sana'ar da bai san kanta ba, ko ya ɗaura niyyar tafiyar da bai taɓa yi ba. Ka ce masa ya je ya tambayi wanda ya riga shi, sai ya buga ƙirji ya ce ai shi namiji ne, wahala ba ta kisa. Wahala tana kisa. Ku zauna ku ji labarin wani mutum da ya fi mu juriya nesa ba kusa ba.

Sunansa Robert Falcon Scott, hafsan sojan ruwan Ingila. An haife shi ranar 6 ga Yuni 1868 kusa da Plymouth, kuma yana ɗan shekara 13 ya shiga makarantar sojan ruwa. Ba ɗan gata ba ne kamar yadda wani zai zata. Arzikin gidansu ya karye a 1894, mahaifinsa ya rasu a 1897, ƙanensa ya bi baya a 1898, nauyin uwa da 'yan uwa mata ya dawo wuyansa da albashin ƙaramin hafsa. A wannan hali ne a 1899 ya ci karo da Clements Markham, shugaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Ingila, ya ji ana neman wanda zai jagoranci tafiya zuwa Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke can kudancin duniya. Ya nemi aikin, aka ba shi, alhali bai taɓa rayuwa a ƙasar ƙanƙara ba.

Tafiyar farko a jirgin Discovery ta ɗauki 1901 zuwa 1904. Shi da Edward Wilson da Ernest Shackleton sun nausa kudu fiye da duk wanda ya gabace su, amma karnukan da ke jan amalanken kayansu duk sun ƙare a hanya, domin babu wanda ya iya sarrafa su a cikin ukun, abincin karnukan kuma ya lalace. To a nan nake so ku buɗe kunne. Maimakon Scott ya ce mu ne ba mu iya ba, bari mu koya, sai ya rubuta cewa tafiyar da maza suka ja kayansu da ƙarfin jikinsu ta fi wadda aka yi da karnuka daraja. Ya ɗauki rashin iyawa ya naɗa masa rawani. Mu ma muna yin haka: abin da ya gagare mu sai mu ce dama na ragwaye ne.

A daidai waɗannan shekaru wani ɗan ƙasar Norwe, Roald Amundsen, yana can arewacin Kanada zaune da mutanen Inuit. Ba su da digiri, ba su da jirgin yaƙi. Ya ƙanƙan da kai ya koyi yadda suke ɗinka tufafin fata mai gashi, yadda suke kora karnuka, yadda suke tafiya ba tare da gumi ya jiƙa su ya daskare a jiki ba. Matambayi ba ya ɓata.

A watan Yuni 1910 jirgin Terra Nova, na tafiyar Scott ta biyu, ya bar birnin Cardiff na Birtaniya, burin Scott ya zama na farko da zai taka tsakiyar ƙarshen duniya na kudu. Da ya isa Melbourne a Ostareliya ya tarar da saƙon waya cewa Amundsen ma ya nufi can. Scott ya tafi da amalanke masu inji guda 3, da ƙananan dawakai 19, da karnuka sama da 30. Mai inji ɗaya ya fasa ƙanƙara ya nutse a teku tun wajen sauke kaya, sauran biyun suka mutu a farkon hanya. Dawakan kuwa, ga abin takaici: a cikin tawagar akwai Lawrence Oates, sojan doki wanda ya san doki ciki da waje, amma ba shi aka aika sayo su ba. Mai kula da karnuka aka tura, da umarnin ya zaɓo farare. Da Oates ya gan su ransa ya ɓaci. Doki yana nutsewa a ƙanƙara mai laushi, kuma dole a ɗauko masa harawarsa tun daga gida, a yankin da ko tsinken ciyawa babu.

Yanzu ga inda zancen yake. A farkon 1911 suka fita jibge abinci da kananzir a zango-zango domin dawowa. Babban rumbun an shirya ajiye shi a wani wuri da aka ƙayyade, sai dawakai suka galabaita. Oates ya ba da shawara a matsa gaba, wanda ya kasa a yanka shi a ajiye naman. Scott ya ƙi, tausayin dabbobin ya kama shi. Aka sauke kayan saura fiye da kilomita 50 a kai inda aka nufa. A ranar babu wanda ya mutu, babu wanda ya ji ciwo, kowa ya koma sansani ya ci ya sha. Haka irin wannan kuskure yake, ba ya ƙara a ranar da aka yi shi. Wanda ya ce jarin ya isa haka ba tare da ya ware na ko-ta-kwana ba, da wanda ya bar koyo wata shida kafin ya ƙware don yana ɗokin buɗe nasa shagon, duk lafiya lau suke kwana a daren.

Sun kama hanya ranar 1 ga Nuwamba 1911. A gindin Beardmore, wani dogon hawan ƙanƙara da ke kan hanya, aka harbe ragowar dawakan, karnuka suka juya, maza suka ɗaura igiya a ƙugu. Sannan a farkon Janairu Scott ya sauya shiri: an ƙulla abinci na mutum huɗu-huɗu, tantin na mutum huɗu ne, sai ya ce mutum biyar za su ƙarasa: shi, da Wilson, da Oates, da Edgar Evans, da ƙarin mutum ɗaya. Na biyar ɗin, Henry Bowers, ko katakon zamiya da ake ɗaurawa a ƙafa don tafiya kan ƙanƙara ba ya tare da shi, da ƙafa ya dinga kutsawa.

Ranar 17 ga Janairu 1912 suka isa. Suka tarar da tanti da tutar Norwe, da wasiƙa. Amundsen ya riga su tun 14 ga Disamba. Ya taso da karnuka 52, ya koma da 11, su biyar ne har da shi, kuma ko ɗaya bai rasa ba.

Saura tafiyar sama da kilomita 1,300 zuwa gida, da yunwa da karyewar zuciya. Edgar Evans, ƙaton cikinsu, ya mutu ranar 17 ga Fabrairu. A zango bayan zango suna tarar da galan na kananzir ya ragu, domin fatar da ke bakin murfin ta lalace da sanyi. Amundsen ya san wannan matsala, ya sa an liƙe nasa da dalma. Ku duba fa, bakin murfi. A wurin da sai an kunna risho an narkar da ƙanƙara kafin a sha ruwa, rashin kananzir ƙishirwa ce. A tsakiyar Maris Oates, da sanyi ya cinye ƙafafunsa, ya ga yana jan sauran baya, ya ce musu zai ɗan fita waje kuma zai iya jimawa. Ba a sake ganinsa ba.

Zan yi wa Scott adalci, don ba na son ku tashi da raina shi. Masana yanayi sun gano daga baya cewa sanyin watan Maris na wannan shekara ya wuce yadda aka saba, yana kaiwa digiri 40 ƙasa da sifili. Ajali kuma idan ya zo ba shi da magani, wannan mun yi imani da shi. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Shirin da ba zai yi aiki ba sai komai ya tafi daidai, raƙumi ne a sake. Ina roƙonku, kafin ku kira abin da ya same ku ƙaddara, ku tambayi kanku wa ya ba ku shawara kuka ƙi, kuma don me kuka ƙi. Sau da yawa don mai shawarar yana ƙasa da ku ne.

Guguwa ta tsare Scott da Wilson da Bowers a tanti wajen 20 ga Maris, kimanin kilomita 20 kafin babban rumbun nan. Da an ajiye shi inda aka tsara, da tuni sun isa gare shi. Scott ya yi ta rubuta wasiƙu har hannu ya gaza. Ya roƙi a kula da iyalan mutanensa, ya ce wa matarsa Kathleen ta sa ɗansu Peter ya so ilimin halittu, yaron kuwa ya girma ya zama cikin waɗanda suka kafa asusun kare namun daji na duniya. Rubutunsa na ƙarshe yana ɗauke da kwanan wata 29 ga Maris 1912.

Ranar 12 ga Nuwamba masu nema suka hango kan tantin ya leƙo daga cikin ƙanƙara. A kan amalankensu akwai duwatsu masu nauyin kilo 16, wasu da zanen ganyen tsirrai na zamanin da, shaidar cewa nahiyar ta taɓa yin kurmi. Sun ja su har zangon ƙarshe ba su yar ba. Masu neman suka kwashe takardun da duwatsun, suka kwantar da tantin a kan mutum ukun, suka tara ƙanƙara a bisa.