Sin da Amurka Ba Barcelona da Madrid Ba Ne

Daren jiya a wurin mai shayin unguwarmu na ga samari biyu sun kusa ba wa hammata iska. Ɗaya yana rantsuwa cewa Sin ta gama da Amurka, ɗayan yana cewa duk kayan Sin jabu ne. Kowannensu riƙe da waya, ɗaya Tecno, ɗaya tsohuwar iPhone. Wallahi raina ya ɓaci.

Ƙannena, wannan musun na son zuciya ya ishe mu haka. Mai iPhone ɗin bai san cewa akasarin irin wayarsa a Sin ake harhaɗa ta ba, a masana'antar Foxconn da ke birnin Zhengzhou. Mai Tecno kuwa, wayarsa ta kamfanin Transsion ce na birnin Shenzhen da ke Sin, amma manhajar Android da ke cikinta ta Google ce, kamfanin Amurka. To wa ya gama da wa?

Gasar gaskiya ce, ban musa ba. Trump ya fara lafta haraji kan kayan Sin a 2018. A Afrilun 2025 harajin ya kai kashi 145 cikin ɗari, Sin ta rama da 125. Amma bayan wata guda kacal suka zauna a Geneva, kowa ya sassauta. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, kuma baki ɗaya suke kwana. Manomin waken soya na Amurka yana neman mai saye a Sin. Sin tana neman ƙananan ƙwaƙwalen kwamfuta na kamfanin Nvidia na Amurka da injinan ƙera irinsu na kamfanin ASML na ƙasar Holan, waɗanda aka taƙaita sayar mata. Su kuma Turawa da wuya su ƙera motar lantarki ba tare da ma'adinan da Sin ke tacewa ba. A 2022, ana tsakiyar wannan faɗa, cinikin kaya tsakanin ƙasashen biyu ya kusa dala biliyan 700.

Ku kuwa kun mayar da abin kamar ƙwallo, kowa da kulob ɗinsa. Da ma cacar ƙwallon ta cinye kuɗin da yawa daga cikinku, wannan ma wani ciwon ne. Ba karatu, ba bincike, sai guntun bidiyon TikTok da ihu. Ana ga yaƙi kuna ga ƙura!

Ku nemi sani, 'yan uwana, ku koyi sana'a. Faɗan da babu ruwanka ne ke da daɗin kallo, wannan kuwa da ruwanmu tsundum. Ku shiga Kantin Kwari ku ƙirga atamfa nawa ce ta Sin. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, zamanin Sardauna, tun Shenzhen ba ta zama komai ba. Iyayenmu sun ga lokacin da ma'aikata ke fitowa daga Kakuri da Bompai kamar an tashi daga Idi, kuma dattijo a majalisa ba ya magana kan abin da bai sani ba. Yau ciyawa ta rufe ƙofofin masaƙun, jikokin masaƙa kuma suna shaƙe wuyan juna a kan masana'antun wasu.