Man Auduga a Cikin Tirompet

Har yanzu ba na gaisawa da Injiniya, mai garejin gyaran babur ɗin nan, kuma duk wanda ya zo mini da zancen sulhu zan haɗa har da shi.

Kun dai san ina shirin konkur, wato jarrabawar shiga makarantar koyon kiɗa a kudu. Abin da za su nema sananne ne: ka busa gam, wato jerin muryoyin do re mi fa sol la si do, hawa da sauka, ka busa guntun kiɗan da suka zaɓa, su miƙo maka takardar da ba ka taɓa gani ba ka karanta nan take, sannan dikte, a taɓa fiyano ka rubuta abin da kunnenka ya ji. Baba Ajidan, da ya yi ritaya daga fanfar, ƙungiyar masu busa ta soja, shi ke koya mini, tirompet ɗin ma tasa ce ya ba ni aro. Tirompet na da fistan uku da ake dannawa da yatsu a canza murya, ƙurar hunturu ta shiga na biyu, ya fara nauyi. Na zaga babbar kasuwar Garwa ban samu man fistan ba. Injiniya ya ce mai mai ne, fistan fistan ne, na babur ma bai taɓa gagararsa ba balle na busa. In ɗiga man auduga kawai. Na shiga madafar Inna na tsiyayo.

Da farko har santsi ya ƙara. Sai Baba Ajidan ya ce ranar Asabar za a yi gwaji irin na gaske a ƙofar gidansa, a Rumde Ajiya, don in saba da idon mutane.

Ya jera kujeru uku a gindin dalbejiya. Shi a tsakiya, dama tsohon nan mai algaita da ke bin tawagar fada ranar Sallah, hagu kuma ɗiyarsa da littafin rubuta maki. E, ita. Kada wanda ya ce komai. Watan Afrilu ne, zafi ya haura 40, gumi na bin bayana tun ban buɗe akwati ba. Yaran unguwa sun cika, mai shayi ya rage rediyo, Injiniya ya baro garejinsa ya zo ya tsaya a gaba, ya harɗe hannu.

Baba Ajidan ya buga diyafazon, ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke ba da la na 440. A tirompet irin tamu wannan la ɗin si ne, da fistan na biyu ake busa shi, ya kuwa fita tas. Ya ce in ɗan jawo kulis, bututun da ake ja a daidaita murya, zafi na sa kayan busa su hau sama. Na jawo. Ya ce, “Gam na do, yaro. Bismillah.”

Do ba a danna komai. Re na ɗaya da na uku. Mi na ɗaya da na biyu. Fa kuma na ɗaya kaɗai, sai ka saki na biyu ya taso. Na ɗaga yatsa. Fistan ya ƙi biyo yatsa, ya yi zamansa a ƙasa. Shi wannan fistan rabin murya yake ragewa, don haka maimakon fa sai mi ya sake fitowa. Mi, mi. Na ce a raina ƙila ba su ji ba, na wuce sol, ya fito a karkace, tsakanin fa da sol, kamar kukan ƙyauren da bai ga mai ba. La da si suka fita daidai, tunda dama suna buƙatar na biyu, har na ɗan samu ƙarfin gwiwa na lumshe ido. Do na sama, wanda ake riƙewa da tsawo a nuna numfashi, sai ga si ya dawo. Na riƙe shi kuwa. Na riƙe shi da dukan ƙirjina, ina ta saƙa farce a ƙarƙashin fistan ina ɓamɓara, ita kuma ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa, biro ma ya faɗi.

Baba Ajidan bai yi dariya ba, da ma ya yi. Ya miƙo hannu, ya kwance fistan, ya zaro shi a hankali, wani abu mai danƙo ruwan ƙasa ya biyo shi yana zare. Ya kai hanci. Ya daɗe yana shinshina. Sannan ya ce, “Ɗana, ƙosai ka soya a ciki?” Wani yaro daga baya ya ce a ba shi na hamsin.

Nan ne Injiniya ya buɗe baki. Wai “Kai! Wa ke sa man girki a ƙarfe? Ai daskarewa yake, ya kama ƙura.” A gabana. Da bakin nan nasa. Mutumin da ya karɓi babur ɗin kawuna da ciwon birki ya mayar da shi ba madubi, ya ce dama haka ya zo. Mutumin da satifiket ɗin da ya rataye a gareji sunan wani ne a jiki, kowa ya sani. Sefa dubu ɗaya da ɗari biyar ɗina na gyaran taya tun kafin azumi na wurinsa, kullum sai gobe. Har ya juya yana yi wa mai shayi bayanin bambancin mai da mai, mai shayi na gyaɗa kai.

Tsohon mai algaita, da tun zuwansa bai ce uffan ba, ya tashi ya kaɗe riga, ya ce shi tasa ramuka ne kawai, yatsa ya rufe yatsa ya buɗe, ba ta taɓa kunyata shi a gaban Lamiɗo ba. Ya tafi masallaci.

Mun wanke tirompet da ruwan ɗumi da sabulu har magariba. An aika Yawunde a sayo man, wai zai biyo jirgin dare zuwa Ngaundere, daga nan a ba direban bas. Maki dai ba ta gaya mini nawa ta rubuta ba, ni ma ban tambaya ba. Injiniya kuma jiya ya aiko yaronsa wai in ara masa caja.