Makarantar firamare ba ta gwamnatin tarayya ba ce

Da an ga aji rufinsa ya yaye, yara zaune a ƙasa, sai ka ji ana cewa gwamnatin tarayya ta yi watsi da ilimi. Tana da nata laifin, amma ba ita ke riƙe da makarantun nan ba.

Shirin ilimin bai ɗaya na matakin farko, wato UBE, da Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, ya zama doka a 2004, ya wajabta wa kowane yaro karatu kyauta na shekara tara: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Gudanar da makarantun kuwa aikin jihohi ne da ƙananan hukumomi, ta hannun SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta kowace jiha. Tarayya tallafi kawai take bayarwa, kashi 2 cikin 100 na asusunta na bai ɗaya, ta hannun UBEC, hukumar tarayya mai kula da shirin. Kason gine-gine kuma ba ya fita sai jiha ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta.

Nan gizo ke saƙa. Jihohi da dama kan yi shekaru ba su ajiye nasu ba, biliyoyin naira na kwance a Abuja, allon aji kuwa ya koɗe har alli ba ya kamawa.